Abdullahin Gwandu: Masanin shari'ar da ya bar rundunar jihadi ya tafi Kano

A wajen shekarar 1807, mayaƙan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na kan hanyar zuwa Alƙalawa lokacin da Malam Abdullahi, ƙanen Shehu kuma wazirinsa, ya fice daga rundunar ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka. Shi ne ya jagoranci mayaƙan a Tabkin Kwatto a 1804, don haka ba wanda zai ce tsoro ya kore shi. Abin da ya ɓata masa rai halin mutanensa ne bayan nasara, wato cin ganima ba bisa ƙa'ida ba da neman muƙami da tara ƙwaraƙwarai.

An haife shi wajen 1766. Ya yi karatu a hannun yayansa, ya kuma bi shi yawon wa'azin da suka shafe kimanin shekara biyar suna yi a ƙasar Zamfara, tun kafin hijira zuwa Gudu.

Tafiyar Makka ta tsaya a Kano. Jama'ar birnin, waɗanda ba su daɗe da karɓe mulki ba, suka roƙe shi ya rubuta masu yadda za su tafiyar da shi. Nan ya rubuta Liya'ul Hukkami, ya kuma karantar da tafsirin Alƙur'ani. Littafin ya yi bayani kan naɗa shugaba da ma'aikatansa, da dokokin yaƙi, da sulhu, da amanar da ake bai wa abokin gaba. Da yaren lauyoyin yau, wani ɓangarensa ya shafi abin da ake kira dokar yaƙi da dokar yarjejeniya.

Matsayinsa a Kano ya yi kama da na Hukumar Dokokin Ƙasa da Ƙasa da Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa a 1947. Mambobinta 34 ba su da soja ko ɗan sanda, aikinsu su tsara doka su miƙa wa ƙasashe. Shi ma ba shi da sarauta a birnin, sai dai masu mulkin da kansu suka nemi shawarar.

Bayan ya koma gida bai sassauta ba. Ya saɓa da Shehu kan sassaucin da aka yi game da kiɗa da tufafin alfarma. Saɓanin da ya fi nauyi shi ne na hukuncin Musulmin da ya taimaki abokan gaba a yaƙi. Abdullahi na ganin zunubi ya aikata, bai kafirta ba, yayin da Muhammadu Bello ya fi tsanantawa. Wannan ya wuce gardamar zaure, domin a kansa ake yanke ko za a bautar da wanda aka kama da iyalinsa, ko za a bar shi ɗa.

Da Shehu ya rasu a 1817, Bello aka yi wa mubaya'a, wazirci kuma ya koma hannun Giɗaɗo ɗan Laima. Dangantaka ta yi tsami tsakanin baffa da ɗa, har sai da Bello ya kawo masa ɗauki a yaƙin Kalambaina suka daidaita. Daga nan ya bar yawancin harkokin mulki a hannun ɗansa Muhammadu da ɗan ɗan'uwansa Buhari, ya duƙufa kan koyarwa da rubutu. Ya rasu wajen 1829, kabarinsa na Gwandu.