Susana Wesley, Uwar 'Ya'ya 19

'Yan'uwa, a ekklesiyoyinmu na Gusau da Tsafe da Bunguɗu mukan ji iyaye suna gardama a kan horon yara. Waɗansu sun dogara ga tsumagiya, waɗansu kuwa sun sakar wa yaro linzami. Domin wannan muka ga ya kamata mu ba ku labarin wata baiwar Allah.

An haifi Susana a birnin Landan ta ƙasar Ingila a shekara ta 1669, ita ce auta cikin 'ya'ya 25 na wani mai wa'azi. A 1688 ta auri Fasto Samuel Wesley, daga baya suka zauna a wani ƙaramin gari, Epworth. Ta haifi 'ya'ya 19, tara suka mutu tun suna jarirai. Talauci bai bar gidan ba, har aka kulle maigidan a kurkuku saboda bashi a 1705.

Horonta da tsanani yake. Yaro yana cika shekara guda ya san tsoron bulala, ya koyi yin kuka a hankali. A ganinmu wannan ya yi yawa ga ɗan shekara ɗaya. Amma ku dubi sauran dokokinta. Yaron da ya yi laifi, ya faɗi gaskiya, ya yi alkawarin gyarawa, ba a dūkansa, gama ta gane tsoro ne yake koya wa yara ƙarya. Ba a horon yaro sau biyu a kan laifi guda. Wanda ya yi ƙoƙarin biyayya, ko bai iya ba, a yaba masa. Yarinya kuwa ba a ba ta allura sai ta iya karatu sarai. Sa'a 6 kowace rana tana koya musu. Kowane ɗa kuma yana da maraicensa a mako, su zauna su biyu kaɗai su yi zancen ransa. Na Yohanna ran Alhamis ne, ya girma bai manta da shi ba.

A 1709 gidan ya kama wuta da dare. Ta taga aka fid da Yohanna, yana ɗan shekara 5. Aka rarraba yaran gidajen maƙwabta, suka komo da ɗabi'un banza, ta sāke fara aikin daga tushe.

Ba dukan 'ya'yan suka ji daɗin duniya ba. Hetty, mai kaifin basira, ta bi wani saurayi a 1725, ta komo da kunya. Uban ya taurare zuciyarsa, aka aurar da ita ga wani mashayi, ta sha baƙin ciki shekaru da yawa. Gidan da yake gafarta wa ƙaramin yaro ya kāsa yi wa babbar 'ya haka.

Yohanna da Charles su ne Ubangiji ya mora aka kafa Methodist. Susana ta rasu a Landan ran 23 ga Yuli 1742, Yohanna da 'yan'uwansa mata suna tsaye a bakin gadonta.