Alhaji Mamman Shata da gardamar da ta ƙi mutuwa

A hutun babbar Sallar da ta gabata na je gida Fammar, cikin ƙaramar hukumar Kibiya, kamar yadda na saba duk shekara. Bayan La'asar muna zaune a dakalin ƙofar gida, sai ɗan yayana ya kunna waƙar Alhaji Mamman Shata a wayarsa. Kafin a yi amshi uku gardama ta kaure. Wani kawuna, tsohon malamin firamare da ya haddace waƙoƙin Narambaɗa kamar karatun allo, ya kafe a kan cewa Shata sa'a kawai ya taka, ya zo da murya a zamanin rediyo, amma in ana batun fasaha bai isa shiga sahun gaba ba, domin layi ɗaya yake riƙewa ya yi ta juya shi har kaset ya ƙare. Wani dattijo kuwa, tsohon direban babbar mota da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jigilar hatsi daga ƙasar Rano zuwa Dawanau, ya rantse cewa ba a taɓa yin mawaƙi irin Shata ba, ba kuma za a ƙara ba. Aka juyo kaina wai in raba gardama, tunda an ce na karanci kimiyyar harshe. Kiran Magariba ne ya cece ni a ranar. Amsar da na kasa bayarwa a dakalin nan ita nake so in gabatar wa mai karatu a yau, kuma ba za ta fito sosai ba sai an bi ta cikin tarihin mutumin.

An haifi Muhammadu Shata a Musawa ta ƙasar Katsina a shekarar 1923. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, ba makaɗi ba ne, ba maroƙi ba ne, kuma bai so ɗansa ya bi wannan hanya ba. Duk wanda ya san ƙasar Hausa ta wancan zamani ya san dalili. Kiɗa da roƙo sana'a ce ta gado, kuma al'umma ta ajiye masu yin ta a ƙasan tsani. Ana jin daɗinsu, ana tsoron bakinsu, amma ba a cika son haɗa zuri'a da su ba. Yaron da gidansu ba su gada ba ya ce waƙa zai yi, a idon dangi ya zubar da mutuncin gida ne. Shata ya yi tallan goro, ya yi na alewa, yana kuma zuwa dandali yana waƙa tare da samari don nishaɗi, ba don a ba shi ba. Daga nan abin ya fi ƙarfin wasa. Ya bar Musawa ya zauna a Bakori, yankin auduga da gyaɗa, inda kuɗi ke yawo a hannun 'yan kasuwa da ma'aikatan En'e lokacin kaka. Marubuta tarihinsa sun nuna cewa tauraronsa ya haska sosai a Kano a 1952, wajen bikin nan da aka aurar da 'ya'yan sarauta da dama a lokaci guda, wanda ake kira Bikin 'Yan Sarki. Daga baya ya mayar da Funtuwa mazauninsa, can ya shafe mafi yawan rayuwarsa.

Kasancewarsa haye a wannan sana'a shi ne mabuɗin fahimtar sauran al'amarinsa. Ibrahim Narambaɗa makaɗin fada ne, yana da ubangida guda, Sarkin Gobir na Isa Amadu. Musa Ɗanƙwairo na Maradun gadon kiɗa ya yi. Irin waɗannan makaɗa suna da lokaci da tsari: su zauna da yaransu su tsara waƙa, su gyara, su maimaita har ta zauna, sannan a fito da ita gaban sarki. Shata bai ɗaure kansa a fadar kowa ba. Ya yi wa sarakuna waƙa, musamman Sarkin Daura Muhammadu Bashar da Sarkin Kano Ado Bayero, amma ya yi wa direbobi, ya yi wa dogarai, ya yi wa 'yan kasuwa da mata masu zaman kansu da manoma da sojojin da suka tafi yaƙin basasa tsakanin 1967 da 1970. Ko abin kiɗansa ma yana ba da wannan labari. Kotso da taushi kayan fada ne. Kalangu kuwa an san shi da mahauta da dandalin 'yan mata. Wannan ganga ta talakawa Shata ya rataya wa yaransa ya shiga da ita gidajen sarauta da na gwamnati, har ƙasashen Turai da Amurka.

To, mu dawo kan zargin kawuna, domin yana da ƙamshin gaskiya, kuma ba shi kaɗai ke da wannan ra'ayi ba, har a jami'o'inmu. Idan ka rubuta Bakandamiyar Narambaɗa a takarda, ko waƙarsa ta Dokin Iska, za ka ga gini: kalmomi masu nauyi, hikima a dunƙule, hoto a kan hoto, ga 'yan amshi suna karɓe wa jagora magana suna ƙarasa ta. Ɗalibi zai iya yin wata guda yana tono a baiti biyu. Idan ka rubuta waƙar Shata a takarda sau da yawa sai gwiwarka ta yi sanyi. Za ka ga sunan mutum, sunan ubansa, sunan garinsu, gajeriyar magana, sannan gindin waƙa ya dawo, ya sake dawowa. 'Yan amshinsa ba sa ƙari, ba sa karɓeɓeniya. Layin nan guda suke riƙewa daga farko har ƙarshe. Wanda ya auna mawaƙan biyu da mudun takarda dole ya ba Narambaɗa, kuma ni ma da wannan mudu shi zan ba.

Sai dai mudun ne bai dace da hajar ba, kuma a nan ne ɗan abin da na karanta yake da amfani. Hausa harshe ne mai karin sauti, mai kuma dogon wasali da gajere, amma rubutunmu na boko ba ya nuna ko ɗaya daga cikin biyun. Kuka na hawaye da kuka ta miya haruffansu ɗaya, hawa da saukar murya ne kawai suka raba su. Gari na zama da gari na tuwo ma haruffansu ɗaya, tsawon wasali ne ya raba su. Ma'ana, ko maganar yau da kullum aka rubuta an zubar da wani kaso nata, balle waƙa. Kalangu kuwa ganga ce da ke bin wannan kari: makaɗi ya matse igiyoyin da hammatarsa sauti ya hau, ya sassauta ya sauka, shi ya sa Bahaushe ke jin magana a cikin kiɗansa. Gwanintar Shata tana zaune ne daidai wurin da takarda ba ta kaiwa, wato yadda yake ɗora karin kalma a kan karin ganga ba tare da ɗaya ya karya ɗaya ba, da yadda yake jan gaɓa mai nauyi ya datse marar nauyi, da sanin lokacin da zai shigo, da lokacin da zai yi shiru ya bar kalangu ya ƙarasa zancen. Ka saurari yadda yake furta sunan mutum sau biyar a waƙa guda, za ka tarar ba sau biyu da suka yi kama. Abin da ido ke gani maimaici a rubuce, kunne ba ya jin sa haka.

Shi kansa amshin da ba ya sauyawa yana da aiki. Shata ya shahara da cewa ba ya zama ya tsara waƙa ko ya yi gwaji kafin ya fita fili. Nan take yake ƙirƙira, yana kallon wanda ya shigo da wanda ya yi kyauta da wanda ya ɓata masa rai. Mawaƙin da ke aiki haka yana buƙatar turke tsayayye da zai riƙa komawa gare shi, kuma 'yan daƙiƙun da yaransa ke amshi su ne yake ɗinka layi na gaba a ransa. Masana biyu 'yan Amurka, Milman Parry da Albert Lord, sun gano irin wannan dabara wajen mawaƙan baka na tsohuwar Yugoslabiya a shekarun 1930, Lord ya fitar da littafi a kai a 1960, kuma da ita suka bayyana yadda aka gina waƙoƙin Homer na tsohuwar Girka, waɗanda Turawa ke ɗauka a matsayin tushen adabinsu. Ban ji wanda ya ce Homer ba fasihi ba ne don yana maimaita kirarin jarumansa. Ba mamaki kuma da Farfesa Ɗandatti Abdulƙadir ya je Jami'ar Indiyana ta Amurka neman digirinsa na uku, wanda ya kammala a 1975, Shata ya zaɓa ya yi nazari a kai a matsayin misalin mawaƙin baka a al'ummar Hausa da Fulani.

Irin wannan gardama ba mu kaɗai ke yin ta ba. Da aka ba mawaƙin nan na Amurka Bob Dylan kyautar Nobel ta adabi a 2016, marubuta da yawa sun yi ca, wasu suna cewa waƙar da ake rerawa da jita ba adabi ba ce, wasu kuma dama sun daɗe suna kushe muryarsa. Tambayar ɗaya ce da ta dakalinmu: shin waƙa sai ta iya tsayawa a takarda ita kaɗai kafin a kira ta fasaha?

Duk da haka ba zan bi direban nan har ƙarshen hanya ba. Mutumin da ya yi sama da shekara hamsin yana waƙa nan take, har shi kansa bai san adadin waƙoƙinsa ba, dole a samu ƙaiƙayi a rumbunsa. Akwai waƙoƙin Shata da ba komai cikinsu sai jerin sunayen masu kyauta, an yi su don daren nan kawai, kuma da rikoda ba ta kama su ba da ba wanda ya yi asara. Akwai waɗanda ya wasa da bai kamata a wasa su ba. Zambonsa, irin na Gagarabadau, yana da daɗin ji ga wanda ba shi aka nufa ba, amma makami ne, kuma ba kullum mai gaskiya yake karewa ba. Waƙar da ya yi wa mashaya ta jawo masa fushin malamai, kodayake bakin da ya yi ta shi ne ya yi waƙar yabon Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wadda har gobe ake sa wa a gidajen rediyo. Masu son mayar da shi waliyyi suna cutar tarihinsa kamar yadda masu raina shi suke yi. Ko siyasar da ya shiga ba ta ƙara masa komai ba: ya yi kansila a Kankiya a shekarun 1970, ya shugabanci jam'iyyar SDP a Funtuwa a jamhuriya ta uku, ba a kuma rabu da daɗi ba. Yau ba mai tuna shi da wannan.

Abin da ake tuna shi da shi ya fi ban mamaki idan aka tsaya aka duba. Waƙar yabo, bisa ƙa'ida, ya kamata ta mutu tare da wanda aka yaba, tunda don shi aka yi ta, shi ya biya. Amma ga Hassan Sarkin Dogarai, ga Bawa Direba, ga Indon Musawa, ga Umaru Ɗanduna na Gwandu. Na tambayi yaron da ya kunna mana waƙa ko ya san ɗaya daga cikinsu, bai sani ba, kuma an haife shi bayan rasuwar Shata da shekaru. Ba ya jiran kyautar kowa, ba a tilasta masa a makaranta ba, ga mawaƙan zamani cike da wayarsa, amma ya zaɓi ya saurari kirarin mutumin da bai san fuskarsa ba. A ganina duk lokacin da dalilin yin waƙa ya gushe, mai biya ya mutu, bikin ya watse, amma aka ci gaba da neman ta, to akwai wani abu a jikinta da ya wuce sa'a da rediyo. Rediyon Kaduna ya sa muryoyin mawaƙa da yawa a shekarun 1960 da 1970. Ƙalilan ne jikoki ke nema. Haka nan waƙarsa ta kumbon Apollo 11, bayan saukar Amurkawa a duniyar wata a 1969, ta daɗe da daina zama labari, amma ba ta daina zama waƙa ba.

Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1988, gwamnatin tarayya kuma ta ba shi lambar MON. Ya rasu ranar Juma'a 18 ga Yuni, 1999, a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, yana da shekara 76, aka kai shi Daura, garin ubangidansa Sarki Bashar, aka binne shi a can. Allah Ya jiƙansa Ya gafarta masa. A 2006 Ibrahim Sheme da abokan aikinsa suka fitar da littafin Shata Ikon Allah, wanda ya tattara tarihinsa daga bakin waɗanda suka zauna da shi.

Saura aikin da ya rage a wuyanmu, mu malaman harshe da adabi. Duk shekara ɗalibai suna kawo mana kundaye a kan Shata, kuma kusan dukkansu hanya ɗaya suke bi: su rubuta matanin waƙa, su ƙirga kamance da siffantawa, su rufe. Wato mu ma mudun kawuna muke ba su. Ya kamata sassan Hausa su wajabta wa mai nazarin waƙar baka ya sa alamar karin sauti da tsawon wasali a mataninsa, ya nuna inda ganga ta shigo da inda ta fita, ya kuma haɗa kundinsa da sautin waƙar da bayanin inda aka ɗauke ta da shekarar. Na'urar yin haka yanzu tana cikin kowace kwamfuta. Sannan fayafayai da kaset-kaset ɗin da ke hannun tsofaffin masu shagon rikoda a Kano da Funtuwa da Katsina suna lalacewa da zafi da ƙura, masu su kuma suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. A bi su a kwafe, a rubuta abin da suka sani game da kowace waƙa tun suna iya faɗa.