Dokta Barau Dikko: Mai Bin Almasihu, Ɗan Ƙasa na Gari

Duk wanda ya san birnin Kaduna ya san Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, amma kaɗan ne cikin 'ya'yanmu za su iya faɗin ko wane ne mai wannan suna. Ya kamata iyaye su ba su labarinsa, musamman mu da ke zaune nesa da gida, inda akan yi mamaki in an ga mai jin Hausa riƙe da Littafi Mai Tsarki.

An haifi Russell Aliyu Barau Dikko a ƙasar Zazzau a shekarar 1912, Bafulatani ne ta wajen asali. Ya tashi cikin ƙaramar jama'ar masu bi da ta kafu ta wurin hidimar mishan ta CMS, wadda daga baya ta zauna a Wusasa. Jagoranta shi ne Dokta Walter Miller, ɗaya daga cikin waɗanda suka yi wahalar fassara Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga a 1932. Daga makarantar mishan Dikko ya wuce King's College a Legas, sa'an nan Jami'ar Birmingham a Ingila, ya komo a matsayin ɗan Arewa na farko da ya zama likita. Ya kama aikin gwamnati a 1940, ya yi ta hawa har ya kai babban matsayi a Ma'aikatar Lafiya ta Arewa.

A 1948 'yan bokon Arewa suka fara taruwa a Zariya da Kaduna domin neman ci gaban yankinsu. Daga nan aka haifi Jam'iyyar Mutanen Arewa, wadda ta yi babban taronta na farko a Kaduna a 1949. Yawancin mahalarta Musulmi ne, cikinsu har da Malam Abubakar Imam da Malam Aminu Kano, duk da haka Dikko suka zaɓa ya shugabance su. Bai ɓoye bangaskiyarsa don a karɓe shi ba, su kuma ba su ƙi shi saboda ita ba. Da ƙungiyar ta rikiɗa ta zama jam'iyyar siyasa ta NPC a 1951, doka ba ta yardar wa ma'aikacin gwamnati ya ci gaba a ciki ba, sai ya sauka ya riƙe aikinsa na likita.

A 1967, shekarar da yaƙin basasa ya ɓarke, Yakubu Gowon, wanda shi ma a Wusasa ya tashi, ya naɗa shi Kwamishinan Ma'adinai da Wutar Lantarki na Tarayya. A 1971 aka mayar da shi Sufuri. Ya rasu a 1977.

Sau da yawa mukan kwatanta mai bi da ke aikin hukuma da Yusufu a Masar ko Daniyel a Babila. Kwatancin yana da kyau, sai dai su baƙi ne a ƙasar wasu, Dikko kuwa a ƙasar kakanninsa ya yi hidima. Baftisma ba ta raba shi da sunansa Aliyu ba, ba ta kuma raba shi da harshensa ko jama'arsa ba. Wannan ita ce amsa ga masu cewa wanda ya bi Almasihu ya fita daga danginsa, da kuma waɗanda a cikinmu suka fid da zuciya, suna ganin sha'anin ƙasa na wasu ne.

Ya ku iyaye, idan aka tambayi ɗanku a makaranta yadda aka yi ya zama ɗan Arewa kuma Kirista, kada ku bar shi ya sunkuyar da kai. Ku gaya masa labarin likitan da maƙwabtansa Musulmi suka ɗora a gaba domin sun ga amanarsa. Ubangiji ya tashe mana irinsa cikin gidajenmu. Amin.