Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Almajirin da Bai Manta da Malamansa ba

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi, a wannan fitowa muna son mu waiwayi rayuwar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Allah ya jiƙan sa, domin mu ɗauki darasi ɗaya daga gare shi, wato godiya ga wanda ya yi mana alheri.

An haifi Malam Abdullahi wajen shekarar 1766 Miladiyya, a gidan ilimi. Shi ƙane ne ga Shehu Usmanu, wanda aka haifa a Maratta, cikin jihar Tawa ta yanzu, a shekarar 1754. Ya karanta Alƙur'ani wurin mahaifinsu Muhammadu Fodiyo. Da ya kai shekara 13 sai aka danƙa shi ga yayansa Shehu, wanda ya karantar da shi Ishiriniya da Ajurumiya da Ahalari da Ishmawi da Risala, littattafan da har yau ake karantawa a zaurukanmu. Daga baya ya ji Sahihul Buhari wurin Alhaji Muhammadu ɗan Raji, ya kuma ɗauki ilimin usulul fiƙihi wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru, shehin malamin da ya zauna Agadas.

Allah ya buɗa masa, har ya shahara a nahawu da tafsiri da fiƙihu da waƙar Larabci. Shi ya wallafa Liya'ul Hukkami a Kano, da babban tafsirin nan Liya'ut Ta'awili. Bayan jihadin 1804 kuma aka ba shi riƙon yammacin daula.

To, a nan ne darasinmu yake. A shekarar 1812, lokacin da ya haɗa ilimi da mulki, ba ya bukatar komai wurin kowa, sai ya zauna ya rubuta ɗan littafi mai suna Ida'un Nusuhi. A ciki ya jera malamansa ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunansa da littafin da ya karantar da shi, har da ƙananan littattafan farkon karatu waɗanda wani zai ji nauyin ambatonsu. Ya kuma bayyana cewa akwai malamai da almajirai masu yawa, daga gabas da yamma, da ya amfana da su amma ba ya iya ƙidaya su, ya haɗa su duka cikin addu'a. A shekarar 1813 ya tattara waƙoƙinsa cikin Tazyinul Waraƙati, inda muke samun yabon Malam Jibrilu da Shehu, da ta'aziyyar malamansa da suka riga mu gidan gaskiya. Da yawa cikin waɗannan bayin Allah, ba don alƙalaminsa ba, da sunayensu sun ɓace.

Godiyarsa ba ta tsaya ga takarda ba. Bayan rasuwar Shehu a 1817 an sami saɓani tsakaninsa da ɗan yayansa Muhammadu Bello kan shugabanci. Da tawaye ya tsananta masa a Kalambaina, sai Bello ya kawo masa gudummawa. Malam Abdullahi bai raina wannan alheri ba. Ga shi baba, ga shi malami ga Bello, amma ya yi masa mubaya'a, zumunci ya dawo. Ya rasu a Gwandu a shekarar 1829.

Ƴan'uwa, Annabi (SAW) ya sanar da mu cewa rashin gode wa mutane rashin gode wa Allah ne. Mu tambayi kanmu: wa ya fara rubuta mana allo? Wa ya ciyar da mu lokacin almajirci? Wa ya ranta mana hatsi a shekarar fari? Da yawansu sun tsufa a ƙauyuka, ba wanda ke leƙa su, suna zaton an manta da su.

Wanda malaminsa ke raye, ya rubuta masa wasiƙa da boko ko da ajami, ya faɗi ainihin abin da ya koya wurinsa, domin takarda tana zama, ana sake karanta ta. Wanda nasa ya rasu, ya ziyarci iyalansa, ya sanar da ƴaƴansa sunansa, ya sa shi cikin addu'a. Kada mu jira sai ranar zaman makoki.

Allah ya sa mu cikin bayinsa masu godiya, ya gafarta wa iyayenmu da malamanmu. Amin.