Marigayi Alhaji Sabo Bakin Zuwo: Sanatan da Ya Kayar da Tsohon Gwamna

A duk lokacin da aka ambaci sunan Alhaji Sabo Bakin Zuwo a wata majalisar hira a Kano, abin da yakan fara biyowa baya shi ne murmushi, domin da wuya a rasa wanda zai kawo wani barkwanci da ake jingina masa. Da yawa daga cikin matasan da aka haifa bayan rasuwarsa ba su san shi ba sai ta wannan fuska. Alhali kuwa wannan bawan Allah shi ne mutumin da a shekarar 1983, yana kan kujerarsa ta sanata, ya kara da Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi, tsohon gwamna mai farin jini da ƙarfin hujja, ya kuma kayar da shi a akwatin zaɓe. Wanda ya yi wannan ya cancanci a dubi tarihinsa da idon basira.

Asalinsa da Tasowarsa

An haifi Aliyu Sabo a shekarar 1934 a cikin birnin Kano, ya kuma tashi a unguwar Bakin Zuwo, wadda sunanta ya bi shi har ya shafe sunansa na yanka a bakin jama'a. Kamar sauran 'ya'yan talakawan birni na wancan zamani, bai samu shiga makarantar boko yana ƙarami ba, domin a lokacin gurabenta kaɗan ne, kuma galibi 'ya'yan sarakuna da na ma'aikatan En'e ne ke cika su. Sai da ya tasa sannan ya nemi ilimin zamani da kansa ta hanyar azuzuwan yaƙi da jahilci. Wannan gibi na karatun boko ya zama makamin da abokan hamayya suka riƙa sukarsa da shi tsawon rayuwarsa. Shi kuwa bai taɓa ɓoye shi ba, hasali ma yakan yi alfahari da cewa babbar makarantar da ya yi ita ce zaman da ya yi a gaban Malam Aminu Kano a Sudawa.

Makarantar NEPU

An kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, lokacin Sabo yana ɗan shekara goma sha shida ko ƙasa da haka. Kiran da jam'iyyar ta yi na neman sawaba ga talaka daga haraji mai nauyi, da aikin tilas, da zaluncin wasu masu riƙe da madafun iko, ya ja hankalin samarin birni, musamman 'yan kasuwa da masu sana'ar hannu. Sabo yana cikin waɗanda suka amsa wannan kira tun da ƙuruciya.

Zama ɗan NEPU a wancan lokaci ba abin wasa ba ne. Ana iya kama mutum don ya yi lacca ba da izini ba, a kai shi gaban alƙali, a ɗaure shi ko a yi masa bulala. Jam'iyyar ba ta da kwangilar da za ta raba, ba ta da muƙamin da za ta bayar. Duk wanda ya zauna a cikinta, aƙida ce ta zaunar da shi. A wannan makaranta Sabo ya koyi abubuwa biyu da suka zame masa jari: iya magana da talaka cikin harshen da yake ganewa, da kuma riƙon amanar jagora ko da wuya ko da daɗi. Sojoji sun rushe jam'iyyu a 1966, amma dangantakarsa da Malam ba ta yanke ba.

Sanata a Legas

Da aka ɗage takunkumin siyasa a watan Satumba na 1978, Malam Aminu Kano ya jagoranci kafa jam'iyyar PRP, tsofaffin 'yan NEPU kuma suka rufa masa baya. A zaɓen 1979 jam'iyyar ta ci kujerun gwamna biyu: Abubakar Rimi a Kano, Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa a Kaduna. A lokacin jihohin Nijeriya 19 ne, kowacce tana da sanatoci biyar, wato Majalisar Dattawa tana da kujeru 95. PRP ta samu bakwai, biyar daga cikinsu daga Jihar Kano, wadda a lokacin ta haɗa har da ƙasar da ta zama Jihar Jigawa a 1991. Sabo Bakin Zuwo na ɗaya daga cikin waɗannan biyar.

A zauren majalisa a Legas, ƙarƙashin shugabancin Dokta Joseph Wayas, ya tarar da lauyoyi da likitoci da tsofaffin manyan ma'aikata waɗanda Turanci ya zauna a bakinsu. Wani a matsayinsa da sai ya ja bakinsa ya yi shiru har wa'adi ya cika. Sabo bai yi haka ba. Ya kasance cikin sanatocin da aka fi jin muryarsu, kuma cikin waɗanda suka fi yawan gabatar da ƙudurori. Jaridun Legas sun mayar da hankali ga tuntuɓen harshensa, daga nan ne ma akasarin barkwancin da ake yi da shi ya samo tushe. A gida kuwa lamarin dabam yake, domin idan ya hau rediyo da Hausa, 'yan siyasa kaɗan ne a Arewa ke iya tsayawa kusa da shi wajen isar da saƙo ga mai sauraro.

Santsi da Taɓo

Ba a yi shekara guda da kafa gwamnati ba sai ɓaraka ta kunno kai a cikin PRP. Gwamnonin jam'iyyar biyu sun shiga taron gwamnoni tara masu adawa da gwamnatin NPN ta Alhaji Shehu Shagari, tare da gwamnonin UPN biyar da na GNPP biyu. Uwar jam'iyya ta hana su halartar wannan taro, su kuma suka ƙi bari. Daga nan jam'iyya ta dare gida biyu a 1980. Ɓangaren gwamnoni, wanda ya ɗauki tsohon jagoran ƙwadago Michael Imoudu a matsayin shugaba, aka kira shi Santsi. Waɗanda suka kafe tare da Malam aka kira su Taɓo. Hukumar zaɓe ta FEDECO ta amince da ɓangaren Malam a matsayin halastacciyar PRP.

A nan ne Sabo ya nuna irin tarbiyyar da ya samu. Gwamnati tana hannun Santsi, da duk abin da gwamnati ke iya bayarwa, kuma akasarin 'yan boko masu ra'ayin sauyi can suka karkata. Sabo ya zauna a Taɓo, ya zama ɗaya daga cikin manyan bakunan da ke kare Malam a fili.

Adalci ne a faɗi cewa abokin karawarsa na gaba ba ƙaramin gwamna ba ne. Rimi ya soke haraji da jangali tun farkon hawansa, abin da NEPU ta daɗe tana fafutuka a kai. Ya kafa hukumar yaƙi da jahilci ta jiha, ya kafa jaridar Triumph da gidan talabijin na CTV, ya kuma ayyana ranar 1 ga Mayu a matsayin hutun ma'aikata tun a 1980, kafin gwamnatin tarayya ta bi sahu. Sai dai ya taɓo inda Kanawa ba sa son a taɓa. A 1981 ya ƙirƙiro sababbin masarautu, ciki har da Gaya da Ƙaraye da Rano da Dutse, waɗanda aka yanko daga Masarautar Kano. A watan Yuli na wannan shekara gwamnatinsa ta aika wa Mai Martaba Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero takardar tuhuma. Ranar 10 ga watan tarzoma ta ɓarke, aka ƙona gine-ginen gwamnati da dama, aka kuma kashe mai ba gwamna shawara kan harkokin siyasa, Dokta Bala Muhammad. Wannan rauni bai warke ba har zaɓe ya zo.

Karon 1983

Ranar 17 ga Afrilu, 1983, Allah ya yi wa Malam Aminu Kano rasuwa, saura 'yan watanni a shiga zaɓe. Mutane da yawa sun ɗauka cewa PRP ta bi shi kabari. A ɗaya ɓangaren kuma, yunƙurin da 'yan Santsi da abokansu suka yi na yi wa sabuwar jam'iyya rajista bai samu amincewar FEDECO ba, don haka Rimi ya koma NPP ta Dokta Nnamdi Azikiwe. A watan Mayu ya ajiye muƙamin gwamna, mataimakinsa Alhaji Abdu Dawakin Tofa ya hau, shi kuma ya fito neman kujerar a matsayin tsohon gwamna. PRP ta tsayar da Sanata Sabo Bakin Zuwo.

Duk wanda ya auna mutanen biyu da ma'aunin takarda zai ba Rimi nasara. Yana da ilimin zamani, yana da fasahar magana da Hausa da Turanci, yana da ayyukan shekara uku da rabi da zai nuna, ga kuma matasa a bayansa. To me ya sa Sabo ya yi galaba?

Dalili na farko shi ne alhinin rasuwar Malam. Talakan Kano yana kallon PRP da alamarta ta mabuɗi a matsayin gadon da Malam ya bari, kuma Sabo ya iya tunatar da jama'a wanda ya zauna da Malam har ƙarshe da wanda ya saɓa masa. Na biyu, rikicin masarauta ya haɗa kan mutanen da a da ba sa ga maciji da juna, wato masu kishin sarautar Kano da tsofaffin 'yan NEPU na Taɓo. Na uku, jam'iyyar NPP baƙuwa ce a karkarar Kano, kuma sauya wa manomi alamar da ya saba dangwalawa cikin wata uku aiki ne ja. Na huɗu kuwa shi ne Sabo kansa, wanda ya mayar da gorin rashin boko da ake yi masa ya zama shaidar cewa shi ɗan'uwan talaka ne.

An kaɗa ƙuri'ar gwamnoni ranar 13 ga Agusta, 1983, kuma Sabo Bakin Zuwo ya yi nasara. A wannan zaɓe NPN ta mamaye yawancin jihohin ƙasar, har da Kaduna. Kano ce kaɗai jihar da ta rage a hannun PRP.

Wata Uku a Gidan Gwamnati

An rantsar da shi ranar 1 ga Oktoba, 1983. Cikin matakan da ya fara ɗauka akwai rushe sababbin masarautun da Rimi ya kafa, ya mayar da al'amura yadda suke a da. Wannan ya faranta ran mutanen birni, amma ya bar ƙorafi a zukatan waɗanda suka ɗanɗani samun masarautarsu. Shaidar cewa batun bai mutu ba ita ce yadda aka sake ƙirƙirar masarautu a Jihar Kano a 2019, aka kuma soke dokar a 2024.

Aikin da ya fi zama a zukatan mutanen cikin birni shi ne rufe gidan siliman Palace da ke Jakara. Tun buɗe shi a farkon shekarun 1950 malamai da iyaye ke kuka da kasancewarsa a cikin ganuwa. Sabo ya mayar da ginin asibiti, wanda daga baya ya zama asibitin haihuwa mai ɗauke da sunansa. Mata da yawa na unguwannin da ke kewaye sun sauka a wannan wuri, kuma da yawa daga cikin masu ba da labarin barkwancinsa a yau a nan aka yanke musu cibiya.

Ranar 31 ga Disamba, 1983, sojoji suka kifar da Jamhuriya ta Biyu, Manjo Janar Muhammadu Buhari ya zama shugaban ƙasa. Mulkin Sabo ya tsaya a wata uku cif.

Kurkuku da Rasuwa

Tarihi ba ya cika sai an faɗi daɗi da ɗaci. Bayan juyin mulki an kama shi tare da sauran gwamnoni, hukuma kuma ta bayyana cewa an samu tsabar kuɗi kimanin Naira miliyan 3.4 a wurinsa. Bai musanta samun kuɗin ba, ya dai kafe a kan cewa dukiyar gwamnati ce da aka tarar a gidan gwamnati. Kotun soja ta musamman ta yanke masa ɗaurin shekaru masu yawa. Ko da an yi masa kyakkyawan zato, ajiye dukiyar jama'a irin wannan a wajen baitulmali ya saɓa wa ƙa'idar aiki, kuma tabo ne da ya zauna a tarihinsa. Wani abin lura shi ne, shi ma Rimi bai tsira ba, domin kotun soja ta ɗaure shi. Santsi da Taɓo, waɗanda suka shekara uku suna yaƙar juna, sun ƙare a bayan ƙofa iri ɗaya.

An sake su a zamanin Janar Ibrahim Babangida, wanda ya karɓi mulki a watan Agusta na 1985, amma dokar da ta hana tsofaffin 'yan siyasa shiga harkar ta rufe wa Sabo ƙofar dawowa fage. Ya rasu a watan Fabrairu na 1989, yana da shekara 54. Rimi ya rayu bayansa har zuwa 2010, ya riƙe muƙamin minista, ya kuma kasance cikin waɗanda suka kafa PDP a 1998, amma bai sake komawa kujerar gwamnan Kano ba.

Abin da Ya Bari

Mai karatu zai ga cewa rayuwar Alhaji Sabo tana ɗauke da darasi ta fuska biyu. Ta fuskar farko, ya nuna cewa ɗan unguwa wanda bai samu gatan makaranta ba yana iya kaiwa Majalisar Dattawa har ya mulki jiha, matuƙar ya san jama'arsa kuma sun yarda da amanarsa. Ta fuska ta biyu, nasarar da ya samu a 1983 nasara ce a kan ɗan gida ɗaya. Shi da Rimi duka almajiran Malam ne. Ɗaya yana da tsari da ilimin gudanarwa, ɗayan yana da amanar talaka da sanin zuciyar birni. Da waɗannan baiwa biyu sun zauna a inuwa ɗaya, da Kano ta ci moriyar da ta fi wadda ta samu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma PRP ba ta sake komawa ƙarfinta na 1979 ba. Wannan abin tunawa ne ga duk wata al'umma da 'ya'yanta suka haɗu don gina garinsu.

Allah ya jiƙan Alhaji Sabo Bakin Zuwo da jagoransa Malam Aminu Kano da abokin karawarsa Alhaji Abubakar Rimi, ya yafe musu kurakuransu, ya sa aljanna ce makomarsu, amin.