Nana Asma'u: Dutse Na Uku A Murhun Daular Sakkwato

'Yar'uwa mai karatu, kin san tukunya ba ta zama a kan dutse biyu. Haka ƙasa take: akwai fada, akwai kasuwa, akwai kuma jama'ar da ta haɗa kanta don taimakon juna. Tarihin Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, Allah Ya jiƙanta, zai nuna miki yadda mace ta kafa wannan dutse na uku.

An haifi Nana a Degel a 1793, ita da ɗan tagwaicinta Hassan. Tana 'yar shekara goma sha ɗaya aka yi hijira zuwa Gudu a 1804, ta ga yaƙi da yunwa da idonta. Ta haddace Alƙur'ani, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa. In mulki ake nema, ai a cikinsa ta tashi: Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yayanta ne, mijinta kuwa Waziri Giɗaɗo ne.

To amma kin san kafa daula daban, gyara mutane daban. Bayan rasuwar Shehu a 1817, Bello ya duƙufa wajen gina garuruwan ribaɗi irin su Wurno, yana ƙarfafa noma da sana'a. Auduga da saƙa da rini suka bunƙasa, kuma zaren da masaƙa ke jira daga mazarin mata yake fitowa. Sai dai matan nan na ƙauye, da waɗanda yaƙi ya raba da gidajensu, da yawansu ba su san hukuncin tsarki da salla ba, bori ne mafakarsu. Dogarin sarki ba ya shiga cikin gida, ɗan kasuwa kuwa zaren kawai yake so.

Nan Nana ta shigo. Wajen shekarun 1830 ta kafa 'Yan Taru. A ƙauyuka ta riƙa zaɓen dattijuwa mai amana ta naɗa ta Jaji, ta ba ta malfa da jan rawani alamar izini. Jaji kan jagoranci tsofaffi da 'yan mata su zo wurin Nana su koyi waƙoƙin ilimi, su koma su karantar da matan aure da ba su iya barin gida. Sukan zo da sadakar zuma da man shanu da hatsi da tufafi daga guminsu, ita kuma ta rarraba wa mabukata. A garuruwansu su ke jinyar marasa lafiya, su yi wa mata wankan gawa, su sasanta masu faɗa.

Kada ki ɗauka kusancinta da fada ya rufe mata baki. Wajen 1831 ta mayar da wata waƙar Shehu daga Fulatanci zuwa Hausa, wato Tabbat Haƙiƙa, mai gargaɗin masu mulki da alƙalai a kan zalunci da cin haƙƙin talaka. Da ta shiga Hausa, sai talaka ya ji da kunnensa abin da shari'a ta ɗora wa shugabansa.

Nana ta rasu a 1864, aka rufe ta a Hubbaren Shehu a Sakkwato, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da aikin. A 1903 Turawan Ingila suka ci Sakkwato, iko ya koma hannunsu, amma 'Yan Taru ba su watse ba, domin a hannun matan kansu aikin yake.

To 'yar'uwa, mu duba ƙungiyoyinmu. Idan kowace tabarma da kowane allo sai mun jira matar gwamna ko wani attajiri, ranar da aka sauya gwamnati ko kasuwa ta faɗi, ina za mu sa kanmu? Kuma wa zai iya gaya wa mai ciyar da shi gaskiya? Mu girmama shugabanni, mu karɓi gudummawar masu hali, amma mu riƙe adashinmu da kuɗin wata-wata da makarantunmu na matan aure da hannunmu.

Allah Ya gafarta wa Nana Asma'u, Ya ba mu ikon koyi da ita, amin.