Fasto Andre Trocme: Makiyayin Da Ya Ƙi Miƙa Baƙinsa

A kudancin Faransa akwai wani ƙauye mai suna Le Chambon, a kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,000. Ƙasa ce mai sanyi da duwatsu, mutanenta manoma ne da makiyaya, kusan kamar ƙauyukan da ke kewaye da Jos. A nan ne Fasto Andre Trocme ya yi hidima a lokacin da gwamnatin ƙasarsa ta ɗora wa kanta ikon tantance wane ne Bafaranshe na ainihi, wane ne bare.

An haifi Trocme ranar 7 ga Afrilu, 1901, a garin Saint-Quentin da ke arewacin Faransa. Mahaifinsa mai masaƙa ne, daga zuriyar Furotestan da ake kira Huguenot. Mahaifiyarsa Bajamushiya ce, ta rasu a haɗarin mota yana ɗan shekara goma. Da Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, sojojin Jamus suka mamaye garinsu, yaron ya ga dangin uwa da dangin uba suna kashe juna. A lokacin ne ya sadu da wani sojan Jamus mai bi, wanda ya ƙi ɗaukar makami saboda Almasihu. Shaidar mutumin nan ta bi shi har ƙarshen ransa.

Ya yi karatun tauhidi a Faris da birnin New York na Amurka, inda ya sadu da Magda, 'yar Italiya, suka yi aure a 1926. A 1934 aka tura shi Le Chambon. Ikilisiyar da ya tarar ta san ɗacin tsanani, domin a 1685 Sarki Louis na 14 ya soke dokar da ta ba Furotestan 'yancin sujada. Kakanninsu sun yi shekaru suna addu'a a ɓoye cikin dazuzzuka, ana ɗaukarsu baƙi a ƙasar haihuwarsu.

A watan Yuni 1940 Jamus ta ci Faransa da yaƙi. Sabuwar gwamnatin Marshal Petain, mai zama a garin Vichy, ta ɗora laifin faɗuwar ƙasar a kan baƙi da Yahudawa. Ta ƙwace takardun zama ɗan ƙasa daga hannun mutum kusan 15,000, ta kuma kafa dokar da ta hana Yahudawa aikin gwamnati da koyarwa. Daga 1942 aka shiga kwashe su zuwa sansanonin mutuwa. Kimanin Yahudawa 75,000 aka fitar daga Faransa, kaɗan ƙwarai suka dawo.

Tun ranar Lahadin farko bayan faɗuwar ƙasar, Trocme da abokin hidimarsa Fasto Edouard Theis suka gargaɗi ikilisiya ta yi tsayayya da makaman Ruhu, ba tare da ƙiyayya ba. Da masu gudun hijira suka fara ƙwanƙwasa ƙofa, Magda ta buɗe musu. Daga gidan fasto aikin ya bazu zuwa gonaki, makarantu da ƙauyukan maƙwabta, har da gidajen Katolika. Aka ɓoye yara a cikin iyalai, aka raka wasu ta duwatsu zuwa Suwizalan. Bisa ƙiyasin da aka fi ambata, mutum kusan 5,000 ne suka sami mafaka a yankin, yawancinsu Yahudawa.

A watan Agusta 1942 hukuma ta nemi Trocme ya ba da sunayen Yahudawan da ke garin. Ya ƙi, ya amsa cewa su mutane kawai suka sani, kuma makiyayi ba ya ba da tumakin da aka danƙa masa. A Fabrairu 1943 aka kama shi tare da Theis da shugaban makarantar garin. An ce su sa hannu a takardar biyayya ga Petain kafin a sallame su. Fastocin biyu suka ƙi, duk da haka aka sake su bayan 'yan makonni. Ɗan'uwansa Daniel Trocme, mai kula da gidan ɗalibai, bai tsira ba. An kama shi tare da ɗalibansa a Yuni 1943, ya mutu a sansanin Majdanek a 1944.

Trocme ya rasu a Janiba ranar 5 ga Yuni, 1971, a shekarar da cibiyar Yad Vashem ta Urushalima ta sa shi cikin adalai na al'ummai. An binne shi a Le Chambon. A 2004 Shugaba Jacques Chirac ya je ƙauyen, ya nuna shi a matsayin misalin abin da Faransa ke alfahari da shi. Mutumin da aka ɗaure a kan rashin biyayya ga ƙasa, shi ne ƙasar ta koma tana girmamawa.

Gwamnatin Vichy ta auna Bafaranshe da jini da asalin kakanni. Trocme, ɗan Bajamushiya kuma mijin 'yar Italiya, ya auna ƙaunar ƙasa da yadda ake riƙon marar ƙarfi a cikinta, kamar yadda Littafin Firistoci 19:34 ya umarta game da baƙo. Jos ta ɗanɗana abin da gardamar ɗan ƙasa da baƙo ke haifarwa a rikicin 2001 da na 2008. A waɗannan ranaku ma an sami iyalai, Kirista da Musulmi, da suka ɓoye maƙwabtansu a ɗakunansu. Tarihin Le Chambon ya nuna cewa irin waɗannan gidaje ne ke tsare mutuncin ƙasa a ranar da ta fi bukata.